Bin Sawun Admiral FitzRoy a Gaɓar Tekun Birtaniya

Ƙauyen Moelfre yana gabashin tsibirin Anglesey, a arewacin Wales. Gidajensa farare ne, a jere suna fuskantar teku, kuma baƙon da ya iso ranar da iska ta kwanta da wuya ya yarda cewa a nan aka taɓa yin ɗaya daga cikin asarar rayuka mafi muni a tarihin sufurin ruwa na Birtaniya. Ɗan ƙanwata da ke karatun ilimin teku a Jami'ar Bangor ne ya kai ni. Tun a mota ya ce mini, "Kawu, tunda labarin FitzRoy kake nema, daga nan ya kamata ka fara. Landan ta biyo baya."

Mun bi wata siririyar hanya a kan tudun da ke gefen teku har zuwa inda aka kafa dutsen tunawa da jirgin Royal Charter. Jirgin ya taso daga Melbourne ta Ostireliya a watan Agusta na 1859 zai tafi Liverpool, ɗauke da mutane kusan 500, yawancinsu masu haƙar zinariya ne da ke komawa gida da abin da suka samu. Jikinsa na ƙarfe ne, iska ke tura shi, yana kuma da injin tururi na taimako. Ya yi wata biyu a teku lafiya, saura tafiyar 'yan sa'o'i ya isa gida, sai guguwa ta tare shi a daren 25 ga Oktoba. Kyaftin Thomas Taylor ya sa aka saki anga biyu, sarƙoƙinsu suka tsinke ɗaya bayan ɗaya. Aka sassare jigajigan jirgin don a rage wa iska abin kamawa, duk da haka ta ci gaba da tura shi gaɓa. Da gari ya waye ruwa ya cika, igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta maka shi a kan duwatsu ya rabe biyu. Mutum wajen 450 suka halaka. Waɗanda suka tsira ba su wuce 40 ba, kuma babu mace ko yaro ko ɗaya a cikinsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusancin wurin da tudu. Daga inda muke tsaye, mutum zai iya ɗaga murya wanda ke kan duwatsun ya ji shi. Wani matuƙi ɗan tsibirin Malta, wanda Turawan Ingila ke kira Joseph Rogers, ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya faɗa cikin ruwan, ya yi iyo har gaɓa. Maza 28 na ƙauyen suka riƙe hannun juna suka shiga ruwa suna jawo duk wanda hannunsu ya kai gare shi. Akwai mutum-mutumin Rogers a ƙauyen yanzu. Daga nan muka wuce cocin Llanallgo, inda aka binne gawa 140. Limamin cocin na lokacin, Stephen Roose Hughes, shi ya riƙa duba gawawwakin yana rubuta alamomin jikinsu, ya kuma rubuta wasiƙu fiye da 1,000 ga dangin mamatan. Marubuci Charles Dickens ya zo har ƙauyen a ƙarshen wannan shekara ya gan shi, ya yi rubutu a kansa. Hughes bai daɗe ba bayan haka, ya rasu a 1862. Na fita daga maƙabartar ina girmama mutanen wannan ƙauye, kuma har gobe 'yan sa-kai ne ke tuƙa jirgin ceton da ke tasharsu, ba a biyansu albashi.

Guguwar ba Royal Charter kaɗai ta ci ba. Jirage 133 suka nutse a kewayen Birtaniya, mutum kimanin 800 suka mutu. A Landan kuwa akwai wani hafsan sojan ruwa mai shekara 54 da labarin ya hana shi barci, domin ya tabbata a ransa cewa da an iya yi wa mutanen nan gargaɗi.

Wannan hafsa shi ne Robert FitzRoy. An haife shi a 1805 a gundumar Suffolk, cikin gidan sarauta, don nasabarsa tana kaiwa ga Sarki Charles na Biyu. Yana ɗan shekara 12 ya shiga makarantar sojan ruwa ta Portsmouth, kuma a 1824 ya ci jarrabawar zama laftanan ba tare da ya faɗi ko tambaya ɗaya ba, abin da ba a taɓa yi ba kafinsa. Yana da shekara 23 aka damƙa masa jirgin Beagle, wanda ke aikin zana taswirar gaɓar Kudancin Amurka, bayan kyaftin ɗin jirgin ya kashe kansa saboda ƙuncin aikin. Bai daɗe da karɓar jirgin ba, a farkon 1829, wata iska mai tasowa farat ɗaya ta afka musu a gaɓar Uruguwai. Jirgin ya kwanta a gefe, matuƙa biyu suka faɗo daga saman jigo suka nutse. FitzRoy ya ga baromita, wato ma'aunin nauyin iska, tana sauka kafin iskar ta iso, amma bai ɗauki matakin da ya kamata da wuri ba. Wannan abu bai taɓa barin zuciyarsa ba. Daga ranar ya riƙi baromita a matsayin abokiyar shawara, kuma duk aikin da ya yi a ƙarshen rayuwarsa a nan tushensa yake.

Duniya ta fi saninsa da tafiyar Beagle ta biyu, daga Disamban 1831 zuwa Oktoban 1836, domin a ita ce ya ɗauki wani saurayi mai suna Charles Darwin. Sunan fasinjan ya rufe na kyaftin ɗin, alhali kyaftin ɗin ne ya zagaya duniya da ƙaramin jirgi, ya ratsa ruwan Cape Horn mai cin jirage, ya komo da shi lafiya. Ya tafi da agogunan teku 22 don auna wuri daidai, wasunsu da kuɗin aljihunsa ya saya. Da ya ga aikin ya fi ƙarfin jirgi ɗaya, ya sayi na biyu da kuɗinsa, hukumar sojan ruwa ta ƙi mayar masa. A wannan tafiya ce aka fara aiki a hukumance da ma'aunin ƙarfin iska na Francis Beaufort, mai matakai daga 0 zuwa 12, wanda har yau da shi matuƙa ke magana.

Mutumin yana da nasa laifin. A 1830 ya kwashi mutum huɗu 'yan asalin Tierra del Fuego ya tafi da su Ingila don a koya musu addininsa da al'adunsa. Ɗaya ya mutu a can da ciwon agana, sauran ukun ya mayar da su gida a tafiya ta biyu. Raba mutum da danginsa ba da yardarsa ba zalunci ne, kome kyan niyyar mai yi. Yana kuma da zafin rai, Darwin da kansa ya sha fama da shi. Amma wannan mutum ɗin ne, da aka naɗa shi gwamnan Niyu Zilan a 1843, ya binciki faɗan da aka yi a Wairau kan filaye tsakanin Turawa 'yan ci-rani da 'yan ƙasa Maori, ya yanke cewa Turawan ne suka ja rigimar, ya ƙi hukunta Maori. 'Yan uwansa Turawa ba su yafe masa ba, aka tuɓe shi a 1845.

A Landan na je titin Parliament Street, inda ofishinsa yake a da, 'yan taku kaɗan daga majalisar dokoki. A 1853 wani hafsan sojan ruwan Amurka, Matthew Maury, ya tara ƙasashe a Brussels suka amince a riƙa rubuta yanayin teku bisa tsari ɗaya. Shekara ta gaba Birtaniya ta buɗe ƙaramin sashe a ƙarƙashin hukumar ciniki, ta ba FitzRoy shugabancinsa da ma'aikata uku. Aikin da aka ba shi tara alƙaluma ne kawai: a ba kyaftin-kyaftin aron kayan awo, su dawo da littattafan da suka cika a teku, a fitar da hanyoyin da iska ta fi dacewa da jirage. A wannan shekara ta 1854 wani ɗan majalisa ya tashi ya ce nan gaba za a iya sanin yanayin Landan kwana ɗaya kafin ya zo. Majalisa ta fashe da dariya.

Bayan masifar Moelfre, FitzRoy ya tattara rahotannin baromita da na iska daga tashoshi da jirage, ya zana su a kan taswira sa'a bayan sa'a. Sai siffar guguwar ta bayyana. Iska ce mai juyawa a kewayen wata cibiya inda nauyin iska ya yi ƙasa ƙwarai, kuma cibiyar da kanta tana tafiya. Ta shigo ta kudu maso yamma, ta fara da Cornwall, ta ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ta kai Anglesey. Nan ne hikimar take. Guguwa tana da saurinta, amma saƙon wayar tangaraho ya fi ta sauri nesa ba kusa ba. In mai awo a Valentia, can ƙuryar yammacin Ailan, ya ga zaiba tana sauka da sauri a cikin baromita, zai iya buga waya Landan, Landan ta buga wa tashoshin da guguwar ta dosa tun tana cikin teku. FitzRoy ya kuma fahimci cewa irin wannan guguwa tana haihuwa ne a inda iska mai sanyi daga arewa ta yi karo da mai ɗumi daga kudu, ra'ayin da masana na Norway suka zo suka kafa da hujjoji wajen shekara 60 bayan haka.

Daga Satumban 1860 tashoshin gaɓa suka fara aiko masa da awonsu ta waya kowace safiya, a Fabrairun 1861 kuma ya fitar da gargaɗin guguwa na farko. Yadda ya isar da saƙon ga masunta shi ya fi burge ni a duk labarin. Ya san yawancinsu ba sa karanta jarida, wasu ma sun riga sun fita teku. Sai ya sa aka ɗinka alamomi na zane mai kauri, baƙaƙe, ana ɗaga su a kan doguwar sanda a bakin tasha. Ɗaya mai siffar mazurari ce: in tsininta yana sama, iskar daga arewa za ta zo, in yana ƙasa, daga kudu. Ɗaya kuma mai siffar ganga ce, tana nuna iska mai haɗari da za ta riƙa sauya fuska. Da dare ana jera fitilu su ba da siffar. Mai kamun kifi da bai taɓa shiga aji ba zai ɗaga kai ya san ko yau ranar fita ce. An ci gaba da ɗaga waɗannan alamomi a gaɓar Birtaniya har cikin shekarun 1980.

Don in ga wani ɓangare na aikinsa da idona na hau jirgin ƙasa daga tashar Paddington zuwa Penzance. A Dawlish layin dogon yana bin bakin teku sosai, har feshin ruwa yana taɓa tagogi, kuma a nan ne guguwa ta yanke layin a 2014. Daga Penzance bas ta kai ni Mousehole, ƙauyen masunta mai ƙaramar tasha da aka kewaye da katangar dutse. A jikin wani bango da ke fuskantar tashar, a bayan gilashi, akwai doguwar baromita irin waɗanda FitzRoy ya rarraba wa ƙauyukan masunta a matsayin aro daga gwamnati. Ya sa an rubuta bayani a jikinsu da manyan haruffa, ya kuma wallafa ɗan littafi mai sauƙin harshe kan yadda ake karanta su: sauka a hankali daban, sauka farat ɗaya daban, kuma a haɗa abin da zaiba ta nuna da fuskar da iska ke busowa. A zamanin da baromita kayan attajirai da manyan jirage ce, jikan sarakuna ya yi ta faɗi-tashi sai ya ga an kafa ta a bakin hanya inda talaka zai tsaya ya duba kyauta. Ilimi irin wannan nake ƙauna, wanda mai shi bai huta ba sai da ya kai shi hannun wanda ransa ke cikin haɗari.

Ranar 1 ga Agusta 1861 jaridar The Times ta buga hasashen yanayi na farko don jama'a, 'yan layuka a ƙasan jadawalin awo. Ba wanda ya umarce shi da yin haka. Shi ya ga cewa tunda yana da bayanan a hannu, ɓoye su ba daidai ba ne. Abin ya karɓu, har Sarauniya Victoria takan aiko a tambaye shi kafin ta ƙetara zuwa tsibirin Wight. Amma daga nan wahalarsa ta fara. Duk ranar da ya ce za a yi rana aka yi ruwa, jaridu su yi masa ca. Masu manyan jiragen kamun kifi suka tsane shi, saboda ma'aikatansu suna ƙin fita in sun ga alama a kan sanda, ranar kuma babu riba. Wasu masana suka ce ya zubar da mutuncin kimiyya, ya shiga sahun masu duba da taurari, waɗanda su ma a lokacin suke sayar da littattafan faɗin yanayi. Ya yi ta bayani, har a cikin littafinsa The Weather Book na 1863, cewa shi ba ya da'awar sanin gaibu, ra'ayi ne yake bayarwa bisa alamun da aka auna, kuma ra'ayin yana iya kuskure. Mutum ne mai riƙo da addininsa ƙwarai. A taron masana na Oxford a 1860, inda ya je gabatar da takarda kan guguwa, ya tashi da Littafi Mai Tsarki a hannu yana adawa da ra'ayin tsohon abokin tafiyarsa Darwin. A wurinsa duba baromita da dogara ga Mahalicci ba su taɓa cin karo ba, kuma a kan wannan ina tare da shi.

A hanyar komowa na tsaya a Exeter, inda hukumar yanayi ta Birtaniya, Met Office, ta koma a 2003. Titin da ginin yake sunansa FitzRoy Road. Sashen da ya fara da mutum huɗu yanzu yana aiki da manyan kwamfutoci da hotunan tauraron ɗan'adam, yana kuma da ɗakin karatu da kowa zai iya shiga, da ma'ajiyar tsofaffin takardu inda ake adana littattafan jirage da rahotannin kullum tun daga 1860. Yadda suke riƙon takarda abin koyi ne: awon da wani matuƙi ya rubuta da alƙalami a tsakiyar teku shekara 160 da suka wuce yana nan, kuma masu binciken sauyin yanayi suna amfani da shi. A can ne kuma na ga taswirar da ta haɗa labarin da gida. Hadarin da ke taso mana daga gabas da damina, ya ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya ya nufi yamma, ba ya ƙarewa a gaɓar Senegal. Wani daga cikinsa yakan shiga Tekun Atilantika ya girma ya zama guguwar da ke afka wa tsibiran Karebiyan da Amurka, ragowar wata ma takan juyo ta iso Birtaniya da kaka.

Zangona na ƙarshe shi ne Upper Norwood, a kudancin Landan. Nan FitzRoy ya koma da iyalinsa a 1865, yana da muƙamin mataimakin admiral, jikinsa ya gaji, kunnensa ya fara toshewa, dukiyarsa ta ƙare a hidimar gwamnati, suka kuma ba ta tsaya ba. Ciwon damuwa ya daɗe yana bibiyarsa, kuma ya san kawunsa Lord Castlereagh da hannunsa ya kashe kansa a 1822. Ranar Lahadi 30 ga Afrilu 1865 shi ma ya yi haka, yana da shekara 59. Kisan kai babban abu ne, addininmu da nasa duk sun hana. Amma da na tsaya a gaban kabarinsa a farfajiyar cocin All Saints, tausayi ne ya cika ni, na mutumin da ya tsamo dubban mutane daga bakin teku, ciwon da ke cikin kansa kuma ba a san maganinsa ba a zamaninsa. Ya bar bashi. Bartholomew Sulivan, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa a Beagle, shi ya tsaya har gwamnati ta biya iyalinsa fam 3,000, Darwin ya ba da fam 100, Sarauniya kuma ta ba matarsa masauki a fadar Hampton Court. Hukumar yanayi ta gyara kabarin a 1981.

Bayan rasuwarsa aka kafa kwamiti ƙarƙashin Francis Galton, ya soki aikinsa, aka dakatar da gargaɗin guguwa a ƙarshen 1866. Waɗanda suka tashi kare shi ba manyan masana ba ne. Masunta ne da matuƙa da garuruwan bakin teku suka yi ta kai koke majalisa, har aka dawo da gargaɗin cikin kusan shekara guda. Hasashen kullum na jarida kuwa sai 1879 ya dawo. A ganina hukuncin masuntan shi ne daidai, don su ne suka san adadin jana'izar da alamar kan sanda ta hana.

Aikin nasa yana nan da rai a rediyo. Kowane dare tashar BBC Radio 4 tana karanta hasashen yanayin teku, shirin da ya cika shekara 100 a 2025. An raba ruwan da ke kewaye da Birtaniya yanki 31, mai karatu yana bin su ɗaya bayan ɗaya, Viking, Forties, Dogger, Humber, Thames, Dover, yana faɗin fuskar iska da ƙarfinta a ma'aunin Beaufort, da ruwan sama, da nisan da ido zai iya gani. In akwai gargaɗin guguwa, da shi ake farawa. A Fabrairun 2002 aka sauya sunan yankin da ke arewa maso yammacin Sifaniya daga Finisterre zuwa FitzRoy, kuma a duk yankunan shi kaɗai ne ke ɗauke da sunan mutum. Mai karatu da ke da intanet zai iya saurara da kunnensa: ana karanta shi da ƙarfe 12:48 na dare agogon Birtaniya, wanda daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba daidai yake da agogon Najeriya da Nijar.